Labarin Ganuwar Dutse ta Bakin Tekun Ikko

Ku sani, ya masu karatu, a da manyan jiragen ruwa ba su iya shiga Ikko. Akwai tudun rairayi kwance a mashigar, ruwan kansa bai da zurfi, raƙuman ruwa kuwa suna karyewa a wurin da ƙarfi. Sai jirgi ya tsaya can cikin teku, ko kuwa ya zarce Forkados, a juye kaya cikin ƙananan jirage, sa'an nan a komo da su. Hajja ta jiƙe, wata ta nutse, ladan dako ya ninka, duka kuwa a wuyan falke yake ƙarewa.

Wajen 1908 Turawa suka soma gina ganuwa biyu cikin teku, ɗaya gabas da mashigar, ɗaya yamma, da wata ƙarama mai daidaita gudun ruwa. Duwatsun daga ƙasar Abekuta aka fasa su, jirgin ƙasa ya yi ta jigila. Hikimar ita ce, idan an matse bakin, ruwa mai fita zai yi ƙarfi ya share rairayi da kansa, jiragen haƙa su ƙarasa saura. A watan Fabrairu na 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo har ciki. Reluwe ta riga ta isa Kano tun 1911, saboda haka gyaɗa da fatu da ƙiraga suka sami ƙofa. A 1926 aka gama tashar Apapa.

Amma fa teku ta karɓi diyyarta. Al'adar gaɓar nan, ruwa yakan kwaso rairayi daga yamma ya kai gabas. Da ganuwa ta tare hanya, sai rairayi ya taru a yamma, gabas kuwa, inda ake kira Bar Bic, ruwa ya shiga cin ƙasa ba mai mayar masa. Daga 1958 hukuma ta dinga zuba rairayi, teku tana kwashewa, a sake zubawa, kuɗi suna tafiya. Wannan magani ne na zazzaɓi, ba na ciwon ba. Har ta kai ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello ya shiga gidaje.

Bayan ambaliyar 2005 aka kafa kariya ta kankare a gaɓar. Daga baya aka jera wata doguwar ganuwa can cikin ruwa, da duwatsu da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne, aka cike bayanta da rairayi, aka yanka filayen sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Masunta da mazauna gaɓar da ke gabas da ita kuwa suna kuka, sun ce cin ƙasar wajensu ya koma.