Na'urar wasa da tabilet: kowace da mutanenta

Duk wanda ya taɓa zama tashar Dogon Dutsi yana jiran motar Matankari ta cika, ya san jira ma aiki ne. A da, dara ke cinye wannan lokaci: gurbi 30 cikin rairayi, ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, ƴan kallo kuwa kowa na tofa albarkacin bakinsa. Yau gilashi ya fara gadon rairayi.

A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy. Tsadarta ta hana ta yawaita a kasuwanninmu; abin da yara suka sani shi ne ƙananan na'urori ƙirar Sin, masu wasan jera tubali irin na Tetris. Tabilet kuwa sai a 2010 ya samu karɓuwa a duniya, da fitowar iPad.

Bambancinsu na fari shi ne mutunci. Na'urar wasa ba ta ɓoye sana'arta: magidancin da ya fiddo ta cikin taro, za a ce ya koma yaro. Tabilet kuwa rigar aiki gare shi, domin da shi ma'aikatan lafiya da masu bincike ke zagaya ƙauyuka suna ɗaukar bayanai. Mai riƙe da shi, ko wasa yake, sai a ce mushe na aiki.

Na biyu shi ne zumunci. Na'urar hannu ta mutum guda ce, ya sunkuya shi kaɗai. Tabilet yana da faɗi: a fada, kafin shayi ya nuna, samari huɗu na iya kewaye shi suna buga Ludo King, wasan da ya fito daga Indiya a 2016. Nan ya ɗan yi kama da dara.

Ɗan kasuwa, sai ka yi lissafi kafin ka sari kaya. Nintendo Switch ta 2017 ta fito a kan dalar Amurka 300, kuma yawancin wasanninta saye ake yi. Salula kuwa, tun wasan maciji na Nokia a 1997, tana ba da wasa kyauta, ga kira, ga saƙo. Wanda ke auna kuɗinsa da tiyar hatsi, ita zai fara saye.

Kai kuma ma'aikaci, ka tuna da talakan da ya biya kabu-kabu tun daga Lugu don takarda guda. Idan ya tarar da kai kana sunkuye, ya ɗauka aikinsa kake. Kada rigar aikin tabilet ta zama mayafin cin amana.