Aikin jan ruwa

A ƙasar Mayahi, rijiyoyi da yawa suna da zurfi ƙwarai. Da rani, tun da asuba mata da makiyaya suke taruwa a bakin rijiya. Wasu suna ja da hannu, wasu kuma suna sa sa ko jaki ya ja musu. Yau za mu koyi yadda ake auna wannan aiki.

Ga masu ilimin kimiyya, ba a cewa an yi aiki sai ƙarfi ya gusar da abu daga wani wuri zuwa wani. In ka wuni kana tura ganuwa ba ta motsa ba, ka gaji, amma aikinka sifiri ne.

Ana auna ƙarfi da niyuton, nisa da metir, aiki kuma da jul. Jul sunan wani masani ne na Ingila, wanda ya rayu daga 1818 zuwa 1889. Ga ƙa'idar:

aiki = ƙarfi × nisa

Litir guda na ruwa kilo guda ne. Ɗaga kilo guda yana bukatar ƙarfin kamar niyuton 10.

Mu ɗauki misali. Zurfin rijiya metir 40 ne. Gugar Hadiza tana cin litir 10, wato kilo 10. Ƙarfin da take ja da shi niyuton 100 ke nan.

100 × 40 = 4000

Kowace guga jul 4000 ce. In gidansu na bukatar litir 100 a rana, sai ta ja sau 10, aikinta ya kai jul 40000. In ruwa ya janye, rijiya ta ƙara zurfi, aikin ma sai ya ƙaru. Shi ya sa makiyayi mai garke babba yake neman taimakon dabba.

Tambayoyi

1. Sa ya jawo wasaki mai litir 40 daga wannan rijiya. Jul nawa ya yi?
2. Jaki ya ja amalanke da ƙarfin niyuton 200, nisan metir 500. Nemi aikinsa.
3. A Maradi, wani mai lambu ya tura injin yankan ciyawa da ƙarfin niyuton 60, ya yi jul 1800. Metir nawa ya tura shi?
4. Ku auna igiyar rijiyar garinku, ku lissafa aikin guga guda.