Skegness: Sansanin hutun da aka gina wa iyalan leburori

A 1939 aka buɗe sansanin hutu a Skegness, garin bakin teku a gabashin Ingila, domin mahaƙan kwal na yankin Derbyshire. Asusun walwalar mahaƙa ya ba da kuɗin gina shi. Da kuɗi ƙalilan magidanci kan kai iyalinsa hutun mako guda, yara da dama a nan suka fara ganin teku.

Durƙushewar haƙar kwal ta sa aka rufe sansanin a shekarun 1990. Gidan jinyar mahaƙan da ke kusa kuwa ya tsira, kuma an sanya shi cikin gine-ginen tarihi.

Mazauna Panshekara, da suka ga mutuwar masana'antun Challawa da Sharada, sun san matsalar: in kamfani ya rufe, wa ke adana tarihin leburorinsa?