Janareton Da Ɓera Ya Lalata: A Gyara Ko A Sayi Sabo?

Tun zamanin hukumar NEPA har zuwa 2013 da aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa, janareto bai daina zama wajibi a gidaje da shaguna ba. Sai dai da yake na gida yakan shafe makonni a rufe a lungu, ɓera kan mayar da shi wurin kwana, kuma mai shi ba ya farga sai ranar da aka ɗauke wuta ya ja igiya injin ya ƙi tashi.

A da, mai hali kan jefar da shi ya nufi kasuwar Alaba a Legas ko ta Anacha ya ɗauko sabo. Lissafin ya sauya. Kafin Yunin 2023 ana canza dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500, alhali galibin ƙananan janaretocin da ke kasuwa daga Sin ake shigo da su. Kayan gyara su ma da dala ake sayo su, to amma ladan makaniki da Naira ake biya, shi ya sa gyara ya fi da daraja.

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne inda ɓarnar ta tsaya. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro, don haka yakan gwaguyi duk abin da ya samu: rigar waya, tiyon mai, da soson da ke tace iska. Waɗannan duka masu araha ne, kuma makanikin unguwa zai sauya su cikin yini guda. Ko na'urar daidaita ƙarfin wuta ce ta ƙone, ana sayar da ita daban. Jefar da inji saboda irin wannan ɓarna asara ce tsagwaronta.

Inda magana take shi ne kwayil. Idan ɓeran ya yi sheƙa a ciki, fitsarinsa ya ci rufin wayar, aka kuma tayar da injin a haka, kwayil kan ƙone, sai an sake naɗi. Naɗi kuwa jan ƙarfe yake ci, wanda farashinsa ya haura dala 11,000 kan kowane tan a kasuwar Landan a Mayun 2024. Wasu masu naɗi kan sauƙaƙa kuɗi ta hanyar sa wayar alminiyam, wadda ta fi saurin zafi idan an ɗora mata kaya. Mai janareto ya nemi ganin wayar da idonsa kafin a naɗa, a kuma gwada wutar da mita a gabansa, domin wuta mai hawa da sauka tana iya ƙona firji ko talabijin da suka fi injin tsada.

Kuɗin da aka sayi janareton da shi shekarun baya ba ya cikin lissafi, ya riga ya tafi. Abin dubawa shi ne shekaru nawa gyaran zai ƙara masa. Idan injin ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai, naɗin kwayil na iya biyan kansa. Idan kuwa ya tsufa, kuma kuɗin gyara ya doshi rabin farashin sabo, a ganinmu gara a haƙura. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a Abuja a Oktoban 2024, don haka tsohon inji mai zuƙar mai yana cinye rarar da aka samu wajen gyara cikin 'yan watanni. Wanda bukatarsa ba ta wuce fitila da fanka ba, ya kamata ya tambayi farashin faifan hasken rana da batir kafin ya yanke shawara.

Akwai kuma batun lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Kada a share sheƙar a bushe, a jiƙa ta da ruwan bilic, a sa safar hannu. Tiyon mai da aka gwaguya kuma ba a ɗaure shi da leda, sauya shi ake yi, saboda gobara.

Wanda ya gyara, ya ɗora injin a kan dakali nesa da buhunan hatsi, ya toshe kafofinsa da ragar ƙarfe, ya riƙa tayar da shi a waje kamar minti 15 duk bayan mako biyu.