Ɓeran da aka ci zalinsa: me ke faruwa a jininsa?

A darasin bayoloji an koya mana cewa fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki, aikinsu yaƙar cuta. Ba mu cika jin cewa damuwa ma tana taɓa su ba, amma binciken ɓeraye ya nuna haka.

Tun a 1936 Hans Selye, wani masani a Kanada, ya lura cewa ɓerayen da aka wahalar, gaɓoɓinsu masu kula da garkuwar jiki suna ƙanƙancewa, cikinsu kuma yana yin gyambo.

Yanzu ga yadda masana ke yi. Sai a ɗauki ƙaramin ɓera a saka shi a kejin wani ƙato mafaɗaci na mintoci kaɗan, kullum, har kwana 10. Abin da ban tausayi, ba ma musu. Bayan haka yawancin ƙananan sai su daina kusantar 'yan'uwansu, ruwan sukarin da suke rububi ma ya fita ransu. Waɗannan alamun ne ake kwatantawa da ciwon damuwa a jikin mutum. Amma kusan ɗaya cikin uku sukan ci gaba da harkarsu kamar ba a yi ba.

Me ya bambanta su? A 2014 ƙungiyar Scott Russo a Mount Sinai da ke birnin New York, Amurka, ta duba jininsu. Waɗanda suka karaya suna da sinadarin IL-6 mai yawa, wanda ke tayar da kumburi. Abin mamaki, tun kafin a haɗa su da ƙaton, fararen ƙwayoyin jininsu sun fi yawa, kuma sun fi saurin fitar da sinadarin.

Sai suka yi gwajin da ya fi burge mu. Ɓargo ne ke ƙera ƙwayoyin jini, don haka suka ɗebi na ɓeran da ya karaya suka dasa wa lafiyayye. Shi ma tsangwama kaɗan ta isa ta sa ya fara gudun 'yan'uwansa. Waɗanda aka dasa wa ɓargon da ba ya iya samar da IL-6 kuwa suka jure.

Ɓera dai ba mutum ba ne, ba zai buɗe baki ya ce ransa a ɓace yake ba, halinsa kawai ake kallo. Duk da haka, a wannan binciken an auna jinin mutanen da ciwon damuwarsu ya ƙi jin magani, aka tarar su ma IL-6 ɗinsu ya hau.