Telan Masunta a Bakin Ruwan Tiga

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sana'ar su take ciyar da gidaje da yawa a ƙasar Bebeji da Tudun Wada. Kogin Kano ya gangaro ta dajin Falgore ya taru a nan, ruwa ya mamaye fili sama da murabba'in kilomita 170, karfasa da tarwaɗa suka yaɗu. In ana hirar masunta, taru da kwalekwale ake ambata. Ba a cika tunawa da telan da ke ɗinka musu rigar shiga ruwa ba, alhali ita ma kayan aiki ce.

Rigar dai 'yar shara ce, wadda manomi ma ya sani: ba ta da hannu, gefenta a sake, tsawonta bai wuce cinya ba. A da da farin saƙi ake yin ta. Yau tela sai ya hau mota zuwa Kantin Kwari, kuma a wajen zaɓen yadi ake gane wanda ya san ruwa. Shadda ba ta cikin lissafi, ga nauyi ga tsada. Auduga zalla tana da daɗi a jiki lokacin bazara, tana shanye gumi, amma in ta jiƙe sai ta yi nauyi ta manne wa mutum, ta ƙi bushewa. Wanda ya fita duba taru da asubar hunturu ya san abin da wannan ke jawowa ƙirji. Yadin roba zalla kuwa yana bushewa nan da nan, sai dai yana dafa jiki da rana, ƙarnin kifi kuma ba ya barinsa ko an wanke. Shi ya sa gwanin tela yake neman tetoron marar kauri, haɗin auduga da roba. Zai ɗaga shi ya duba ta hasken rana, ya kai bakinsa ya hura, ya ji ko iska tana ratsawa. Launi ma da dalili: fari ba ya jure laka, baƙi yana jan zafi, sai a tsaya a ruwan toka ko ruwan ƙasa. Galibi ragowar bandir yake saye don sauƙi, yadi biyu ya ishi babban mutum.

Yanka ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. "Maigida, a sakar mini hammata," shi ne abin da masunci zai fara faɗa, domin mai wurga birgi da kafaɗarsa duka yake aiki, rigar da ta kama shi a nan ranar farko za ta ɓarke. Ba a sa maɓalli ko ɗaya, saboda yana maƙalewa a idon raga, kuma mutumin da raga ta riƙe a tsakiyar ruwa yana cikin haɗari. Ba a yin aljihun gefe da zai ɗebi ruwa, sai ƙarami ɗaya a ƙirji. Wuya da kafaɗa ana bin su sau biyu da zaren roba, don na auduga ruɓewa yake yi. A Amurka kamfanoni irin su Columbia suna sayar da rigunan kamun kifi masu tsada, da tsaga a baya da aka toshe da raga don iska ta shiga. Telanmu da buɗe gefe kawai ya biya wannan buƙata.

Ribar ba ta da yawa. Yadi ne ke cinye mafi yawan kuɗin, ga kuɗin mota zuwa Kano da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga zare da allura da man keke da gawayin guga. Ladan ɗinkin bai kai na kaftani ba ko kusa, don haka in Sallah ta ƙarato sai a ajiye rigar masunta gefe. Wasu tela yana ɗinkawa ya rataye a kasuwar Tiga ko ta Kwanar Ɗangora, amma yawanci masunci ne ke zuwa da kansa a auna shi, biya kuma sai yadda kamu ya yi. In ruwa ya hana, bashi ne. Wani lokaci da tarwaɗa ake cika ragowar.

Babban abokin gasar tela gwanjo ne. Rigar ƙwallo ta Ƙofar Wambai tana da araha, tana bushewa da wuri, samari kuma ita suke so. Ban ga laifinsu ba, aljihu ne ke yanke hukunci. Amma in rana ta take, wanda ya sa ta yakan tuɓe ya ɗaura a ka, ya bar bayansa a buɗe. Dattawan masunta har yanzu wajen tela suke komawa.

Abin da ke riƙe shagon a sauran watanni gyara ne. Ƙayar ƙurungu tana yaga riga, ƙugiyar mamari tana fizgar ta, bakin kwalekwale yana cin gabanta. Tela yakan tara guntayen yadi a buhu don faci, kuma a kan waɗannan yake koya wa yaran shago taka keke da miƙe ɗinki kafin ya yarda su taɓa shaddar kowa.