Sankarar Bakin Mahaifa: Ciwon da Ake Iya Tarewa Tun Daga Sakaba

A ƙauyukanmu na ƙasar Zuru, idan mace ta ga jini bayan ta daɗe da barin al'ada, ko ruwa mai wari ya riƙa zubo mata, ba asibiti ake fara tunawa ba. Sai a ce sanyi ne, a nemo sassaƙe. In bai yi ba a ce jifa ne, a fara harara kishiya. Kafin a yanke shawarar ɗauko ta daga Dirin Daji zuwa Zuru, daga nan a tura su Birnin Kebbi ko Sakkwato, an sayar da akuya, an sayar da dawar da aka ajiye, ciwo kuma ya riga ya ci jiki.

Sau da yawa abin da likita ke tararwa shi ne sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Abin takaicin shi ne, a duk nau'o'in ciwon daji da wuya a sami wanda aka gane sirrinsa kamar wannan. Kusan dukkansa wata ƙwayar cuta ce ke jawo shi, HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Bajamushen da ya gano alaƙar, Harald zur Hausen, ya sami kyautar Nobel a 2008. A nan sai an yi hattara da baki: kamuwa da ita ba shaidar lalata ba ce. Yawancin masu aure, maza da mata, sukan gamu da ita, jiki ya kore ta ba tare da sun sani ba. A jikin wasu ne take maƙalewa, ta yi ta ɓarna a ɓoye kamar gara a cikin azara, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Wannan dogon lokacin shi ne damarmu.

Allurar rigakafi ita ce babban labari. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2021 ya nuna cewa a Ingila, 'yan matan da aka yi wa allurar suna shekara 12 zuwa 13, kamuwarsu da wannan ciwo ta ragu da kashi 87 cikin 100. Amma wanda ya fi shafarmu a Kenya aka yi shi, inda aka tabbatar cewa allura ɗaya tak tana ba da kariya sama da kashi 97 daga nau'o'in ƙwayar biyu da suka fi haɗari. Da sai an yi biyu ko uku. Duk wanda ya san wahalar hanya a Sakaba, da yadda rashin tsaro ya tarwatsa wasu garuruwa, ya san abin da ake nufi da a ce uwa ta kawo 'yarta sau ɗaya kawai. Najeriya ta sa allurar cikin rigakafin yau da kullum ranar 24 ga Oktoba, 2023, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Na san maganar da ke yawo, wai tana hana haihuwa. Tun 2006 ake yin ta a duniya, waɗanda aka fara yi wa sun yi aure sun haihu. Ciwon kansa ne ke raba mace da mahaifarta.

To, wadda ta wuce shekarun allura fa? Nata gwaji ne. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin neman ƙwayar kanta, daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ta fara daga 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Wani sauƙin kuma, an gano mace na iya ɗaukar samfurin da kanta, da ɗan tsinke mai auduga a kai, a bayan labule, ta miƙa wa ma'aikaciya. Kunya ta daina zama hujja ke nan. Inda wannan bai iso ba, ma'aikaciyar jinya kan shafa ruwan binega a bakin mahaifa. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a gan shi da ido. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake ɗora wa wurin ta ƙone shi cikin kamar minti ɗaya, ba yanka, ba kwanciya, mace ta ɗaura zanenta ta koma gida.

Ko wadda ciwon ya kama ba a fid da rai. Wani gwaji da masana a Landan suka jagoranta, aka buga a 2024, ya nuna ba da magungunan kashe daji na mako shida kafin a fara gashi ya rage haɗarin mutuwa da kashi 40. Magungunan tsofaffi ne, ana samunsu. Sai dai na'urar gashi tana can Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuɗin mota da na zama kaɗai ya isa ya durƙusar da manomi.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙi. Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, an zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya mai mazauni a Janeba. Abin alfahari ne, amma a ganina ba za a ce an ci nasara ba sai ranar da asibitin Dirin Daji ke gwada mata ranar kasuwa.

Maigida, izini da kuɗin mashin a hannunka suke. Idan kana da 'ya mai shekara tara, kai ta a yi mata allura. Idan mai ɗakinka ta ce tana ganin jini bayan kwanciya, kada ka jira a gama girbi.